Ciwon Ƙoda Mataki na Uku: Abin da Mutum Zai Yi Tun Bai Kai ga Inji Ba

Daga Gwarzo zuwa birnin Kano tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Mutumin Masanawa, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kabo, sai ya hau babur ya fito bakin titi tukuna kafin ya sami motar birni. Wanda yake yin wannan tafiya sau ɗaya a wata domin kasuwa ko ziyarar dangi ba zai ga nisanta ba. Amma wanda ƙodarsa ta gaza sarai, aka ce sai an riƙa wanke masa jini da inji, shi ana bukatarsa a asibiti sau uku kowane mako, kowane zama kuwa kamar awa huɗu ne. Ga kuɗin mota, ga na mai rakiya, ga kuɗin wankin kansa. Gidaje da dama sun sayar da shanun huɗa, sun jinginar da gona, duk da haka ba su iya cika wata shida ba.

Ya ku 'yan'uwa masu karatu, ba a kwana lafiya a wayi gari a bakin inji. Akwai doguwar hanya kafin nan, a tsakiyarta kuwa akwai wani zango da likitoci suke kira mataki na uku, watau ciwon ƙoda matsakaici. Wanda aka gane ciwonsa a wannan zango yana da sauran iko mai yawa a hannunsa. Yawancin waɗanda suke mataki na uku ba su kai ga wankin ƙoda har iyakar ransu, muddin an lura da su yadda ya kamata. Abin da ake bukata kuwa bai kai tsadar buhun taki ba.

AIKIN DA ƘODA TAKE YI

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayansa, ƙarƙashin haƙarƙari, kowacce kamar girman dunƙulen hannunsa. A cikin kowace ɗaya akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Dare da rana jini yana bi ta cikinsu. A yini ɗaya ƙoda takan tace ruwa kamar lita 180 daga jini, ta mayar da kusan dukansa cikin jiki, ta fitar da lita ɗaya zuwa biyu da dattin, shi ne fitsari. Ban da tacewa, ita ce take daidaita gishiri da ruwan jiki, ita take riƙe da linzamin hawan jini, tana aika wa ɓargo saƙo ya ƙera jini, tana kuma taimakon ƙashi ya yi ƙarfi.

Matatar da ta mutu ba ta sake tohowa. Sauran ne sukan ɗauki kayanta su ƙara a kan nasu, kamar yadda in an rasa hannu ɗaya a gandu sauran 'yan gida suke raba kuyyarsa. Saboda haka mutum yakan rasa rabin aikin ƙodarsa yana noma, yana cin tuwonsa, ba ya jin kome. Ciwon baya da jama'a suke ɗora wa ƙoda, yawancinsa na tsoka ne da ƙashi. Ciwon ƙoda na ainihi shiru yake zuwa.

YADDA AKE GANE MATAKIN

Awo biyu ne. Na fari awon jini, inda ake duba wani datti mai suna kiriyatinin. Daga yawansa, da shekarun mutum, da ko namiji ne ko mace, ake lissafa lambar da za ka gani a takarda an rubuta eGFR. Ka ɗauke ta kamar makin jarrabawa. Ƙodar saurayi mai lafiya takan ci 90 ko fiye. Daga 59 zuwa 45 kashin farko ne na mataki na uku. Daga 44 zuwa 30 kashi na biyu. Daga 29 zuwa 15 mataki na huɗu ke nan. Ƙasa da 15 shi ne na biyar, inda ake soma zancen wanki ko dashe. Tun shekarar 2002 likitocin duniya suke bin wannan rabo na matakai biyar.

Na biyu awon fitsari ne. Akan tsoma wani ɗan tsinken takarda a ciki a ga ko sinadarin gina jiki yana yoyo. Ƙoda mai lafiya ba ta barinsa ya fita. In yana fita da yawa, alama ce matatar ta huje, ciwon kuma zai fi saurin tafiya.

A lura da wannan: awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko gudawa, ko rashin ruwa a jiki, suna iya sauko da lambar na ɗan lokaci, ta koma daidai bayan an warke. Sai an sake awo bayan wata uku an ga tana nan ƙasa, sa'an nan a ce ciwon ya zauna.

Su wa ya kamata su nemi awon tun ba su ji kome ba? Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai sikila, da wanda aka taɓa yin ciwon ƙoda a gidansu, da macen da ta yi jijjiga ko hawan jini lokacin goyon ciki, da dattijon da fitsari yake masa wuyar fita, da wanda ya daɗe yana shan maganin ciwon jiki. In kuwa ƙafa ta soma kumbura, ko fuska da safe, ko fitsari yana kumfa kamar an zuba sabulu, ko ana yawan tashi fitsari da dare, kada a jira ranar kasuwa.

ABIN DA YAKE CIN ƘODA A ƘASARMU

Manyan ɓarayi biyu su ne hawan jini da ciwon sukari. Hawan jini yana dukan 'yan ƙananan jijiyoyin matatar har su bushe, ƙodar da ta lalace kuma tana ƙara hawan jinin, sai abu ya zama kamar kare yana bin wutsiyarsa. Sukari kuwa a hankali yake huda matatar.

Amma ƙasar Gwarzo da Kabo tana da nata na musamman. Akwai madatsun ruwa kamar na Guzu-guzu da na Pada, da na Challawa a maƙwabciyarsu Ƙaraye. Albarka ce ga noman rani da masunta, amma ruwan da yake kwance shi ne gidan katantanwar da take ɗauke da tsutsar tsargiya. Yaron da yake fitsarin jini akan ce girma ne, zai bari. Ba girma ba ne. Ƙwan tsutsar yana raunata mafitsara da bututun da fitsari yake bi daga ƙoda, bayan shekaru bututun ya tsuke, fitsari ya koma baya ya kumbura ƙodar. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, a sha ta bisa ga nauyin mutum ko tsawonsa.

Sai zafin rana. Daga Maris zuwa Mayu, manomin rani da mai haƙar ƙasa da ɗan acaɓa sukan yini suna gumi ba su sha ruwan kirki ba. Kowace irin wannan rana ƙoda takan ɗan ji rauni. A Nikaraguwa da Elsalbado da ke tsakiyar nahiyar Amurka, dubban masu saran rake sun mutu da ciwon ƙoda ba su da sukari ba su da hawan jini. An ga irin haka a cikin manoman shinkafa na Siri Lanka. A nan gida ma garin Gashuwa a Jihar Yobe da yankin Haɗeja a Jigawa sun yi suna da yawan masu ciwon ƙoda, masu bincike kuwa suna duba ruwan sha, da zafi, da magungunan feshin gona.

Sai kuma abin da muke haɗiya da hannunmu. A shekarar 2021 wani gurɓataccen garin ɗan tsami ya shiga kasuwannin Kano, aka yi ta haɗa abin sha da shi. Hukumomin lafiya na jihar suka ba da sanarwa cewa mutum 10 sun rasu, ɗaruruwa sun kwanta asibiti, wasunsu da ciwon ƙoda. Duk abin da ya shiga baki, ƙoda ce take karɓar ƙarshensa.

HAWAN JINI SHI NE BABBAN YAƘI

In mai mataki na uku zai riƙe abu ɗaya tak daga wannan shafi, to ya riƙe wannan. Likitoci suna so jininsa ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80. Akwai magunguna iri biyu da suke sauko da jini su kuma rage yoyon matatar, misalinsu lisinopril da losartan. Ana samunsu a ƙasar nan, suna kuma cikin masu araha. Ɗaya daga cikinsu ake sha, ba a haɗa biyun. Bayan an soma da mako ɗaya ko biyu akan sake awon jini a ga yadda ƙodar ta karɓa. Mace mai ciki, ko mai niyyar ɗauka, ba ta shansu, sai ta gaya wa likita a sauya mata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sha magani wata ɗaya, kai ya daina ciwo, a auna a ce jini ya sauka, sai ya ajiye. Maganin ne ya sauko da shi, ranar da aka bari kuwa zai koma inda yake. Wannan magani na kullum ne, kamar tuwon dare.

Akwai kuma sabon taimako. A shekarar 2020 da 2022 aka bayyana sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu a kan magungunan dapagliflozin da empagliflozin. Asalinsu na ciwon sukari ne, sai aka tarar suna rage saurin lalacewar ƙoda har ga wanda ba shi da sukari. Sun fi na farko tsada, amma ya kamata mai ciwon ya tambayi likitansa ko sun dace da shi. Mai sukari da yake shan metformin kuwa ya sani akan rage masa in lamba ta sauka ƙasa da 45, a tsayar in ta yi ƙasa da 30.

Riƙe jini yana da wata riba. Mai ciwon ƙoda matsakaici ya fi kusa da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki fiye da yadda yake kusa da inji. Ƙwaya ɗaya tana tsare ƙofa uku.

TUKUNYAR GIDA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya wuce giram 5 a yini, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan ya haɗa har da wanda yake ɓoye cikin dunƙule, da burodi, da taliyar leda, da yajin tsire, da kilishi. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wajen hawan jini, ko an sa ta a wake ko a kunu ko a miyar kuɓewa. Uwargida ta rage a hankali, mako bayan mako. In dunƙule huɗu take jefawa ta koma biyu, daga nan ɗaya. Albasa, da tafarnuwa, da citta, da masoro, da ɗan daddawa za su riƙe ɗanɗanon miya. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Ya fi kyau a rage wa gidan duka, gama in an ware wa maigida tasa tukunya mara daɗi, ba za a yi kwana goma ba zai miƙa hannu cikin ta yara.

Nama da kifi da ƙwai ba a hana ba, yawansu ne yake ba ƙoda wahala. Yanka da bai wuce tafin hannu ba ya isa a yini. A ranar Kirsimeti da bikin aure, inda kowane gida yake aiko da kwano, a nan ake bukatar kamewa. Tuwon dawa da gero da masara suna nan daram.

Sau da yawa da an ce wa mutum yana da ciwon ƙoda sai maƙwabta su hana shi wake, da ayaba, da dankali, da tumatir, da alayyafo, har ya rame don yunwa. Gaskiya ne waɗannan suna da sinadarin fotashiyam, wanda in ya taru a jini yakan taɓa bugun zuciya. Amma a mataki na uku mutane da yawa ƙodarsu tana fitar da shi lafiya. Awon jini ne zai nuna. In bai hau ba, a ci. In ya hau, likita zai faɗi abin da za a rage, a ciki har da ruwan toka da ake sa wa miya.

Ruwa fa? A sha gwargwadon ƙishi da aiki, har fitsari ya zama fari-fari, ba ja kamar shayi ba. Mai zuwa gona ya tafi da jarkarsa, ya fita da sassafe, ya nemi inuwa in rana ta take. Ɗura ruwa fiye da kima ba ya wanke ƙoda. Wanda jikinsa ya kumbura kuwa likita ne zai yanka masa iyaka. Lemon kwalba da burukutu da taba, ba abin da suke ƙara wa mai wannan ciwo sai nauyi.

MAGANIN DA YAKE ZAMA DAFI

Manomi ya dawo daga huɗa jiki duk ya yi tsami, sai ya aiki yaro kemis ko wurin mai tallar magani a kawo masa haɗi. A cikin haɗin nan kusan kullum akwai diclofenac, ko ibuprofen, ko piroxicam, wani lokaci ma biyu a ƙulli ɗaya. Waɗannan suna rage jinin da yake shiga ƙoda. Mai lafiya yakan jure na 'yan kwanaki. Mai mataki na uku, balle in yana cikin zafi da ƙishi, suna iya tura shi mataki na gaba cikin mako guda. In ciwon jiki ya dame shi, farasitamol ya fi masa aminci, bisa ga ƙa'idar da aka rubuta. Haka nan allurar gentamicin da ake yi wa mutane barkatai a ƙauye tana da haɗari gare shi.

Sai jiƙe-jiƙe da tsimi da maganin basir da na ƙarin ƙarfi da ake tallarsu da lasifika a ranar kasuwa, musamman wanda aka ce yana wanke ƙoda. Ba wanda ya auna abin da yake cikin jarkar, ba wanda ya san ƙarfinsa. Ƙodar da take aiki da rabin ƙarfinta ba wurin gwaji ba ce. Mata kuma su sani wasu mayukan sauya launin fata suna da sinadarin makuri, wanda yake ratsa fata ya je ya lalata matatar. Mai feshin gona ya rufe hanci da hannu, ya yi wanka da sabulu in ya gama, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai a galan ɗin da maganin feshi ya ƙare.

Duk inda mai ciwon ya je neman magani, ko na haƙori ne, ya fara da cewa, "Ina da ciwon ƙoda mataki na uku." Magunguna da yawa sai an rage masa yawansu. Ranar da gudawa ko amai suka kama shi, ya soma shan ruwan gishiri da sukari, ya je asibiti a ranar, gama akwai magungunansa na kullum da akan dakatar har ya warke.

Wani ɗan'uwa yakan ajiye maganinsa bayan an yi masa addu'a, yana ganin ci gaba da sha rashin bangaskiya ne. Wanda ya gaskata an warkar da shi, ya je a auna, takarda za ta shaida. Kafin nan kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya. Haka kuma azumin da ba a shan ko ruwa, musamman a bazara, mai wannan ciwo ya shawarci likita kafin ya shiga, shugabannin ikilisiya kuma su sauƙaƙa masa.

LITTAFI GUDA DA RANAR ASIBITI

Mai mataki na uku ya sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta. A ciki a rubuta kwanan wata, da awon jini, da lambar eGFR, da sakamakon fitsari, da sunayen magunguna. Ana auna hawan jini a ƙaramin asibitin da yake kusa. Awon ƙoda kuwa aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, ko fiye in likita ya ce. Babban Asibitin Gwarzo shi ne wurin farawa ga mutanen yankin, daga can a tura mutum gaba in da bukata. Lambar da ta tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru nasara ce, ko da ba ta hau ba. Bayan shekara 40 ko ƙodar mai lafiya takan rage kamar maki ɗaya a shekara. Wadda take faɗuwa da maki biyar ko fiye a shekara, ko ta sauka ƙasa da 30, tana bukatar likitan ƙoda.

Irin waɗannan likitoci suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, inda aka soma dashen ƙoda a shekarar 2002, shekara biyu bayan an yi na farko a Nijeriya a asibitin St. Nicholas na Legas. Ana wankin ƙoda a can, ana kuma yi a Asibitin Muhammadu Abdullahi Wase da ke Nasarawa. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Sau uku a mako a kan 50,000 ya kama naira miliyan 7 da dubu 800 a shekara. Ko a kan 12,000 ya haura miliyan ɗaya da dubu 800, ban da mota da allurar ƙarin jini. Buhun masara nawa ke nan? Sa'an nan ya kwatanta da kuɗin ƙwayar hawan jini ta wata guda.

NAUYIN DA YAKE KAN JAMA'A

Masana sun ƙiyasta mutum kusan miliyan 850 ne suke da ciwon ƙoda a duniya, yawancinsu ba su sani ba. Tun 2006 aka keɓe Alhamis ta biyu a watan Maris ta zama Ranar Ƙoda ta Duniya. Ga mu nan kuwa ta faɗo daidai bakin bazara, lokacin da ƙoda ta fi shan wuya.

Mun saba da tara gudummawa in an kwantar da ɗan'uwa a Kano. Abu ne mai kyau, amma sau da yawa yakan zo bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Kaɗan daga cikin irin kuɗin nan zai sayi na'urar awon jini mai batir. A yawancin ikilisiyoyi akwai ma'aikacin lafiya ko ɗalibin makarantar jinya. In sau ɗaya a wata, bayan an tashi sujada, zai zauna a gindin bishiya ya auna duk wanda ya haura shekara 30, ya rubuta, ya tura wanda nasa ya kai 140 bisa 90 asibiti, za a tsare gidaje da yawa daga sayar da gona. Kada a hana maƙwabci ko wane ne shi, gama hawan jini ba ya tambayar addini. Zumuntar mata, da yake tukunya a hannunsu take, su ɗauki zancen gishiri da kanwa. Matasa masu babur su ɗauki nauyin kai tsofaffi ranar asibiti. Wanda kuɗin magani ya yanke masa a tsakiyar damina, kafin amfanin gona ya shigo, a cika masa na wata biyu kada ya tsallake.

Kai kuma da aka riga aka gaya maka kana mataki na uku, kada ka karai, kada kuma ka ɓoye wa iyalinka. Ka ci gaba da nomanka da sana'arka. Ka sha maganinka kowace safiya, ka rage gishiri, ka bar haɗin kemis, ka riƙe ranar awo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.